Gaskiya ko Jita-jita: Hura Kaset, Kabarin Atari da Sauran Labaran Tsofaffin Wasannin Gem

Duk wanda ya yi yarinta a garuruwanmu daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san wannan motsi: a zare kaset mai ruwan ɗorawa daga na'ura, a juyo bakinsa sama, a cika kumatu da iska, a hura fuu daga wannan gefe zuwa wancan, a mayar. A unguwarmu akwai wani ɗan shago, benci biyu da akwatin talabijin ɗaya a kan tebur, muna ce masa gidan gem. In hoto ya fito a dagule, layi-layi kamar tabarmar da ta warware, mai shagon ko kai ba ya ɗagawa, sai dai ya ce, "Kai, hura shi mana." Wani yaron har yatsa yake lasa ya goga wa bakin kaset ɗin yawu. A mayar, hoto ya washe, Mario ya kama gudu, kowa ya tabbata magani ya ci.

A kan wannan benci na fara jin yawancin labaran da zan taɓo a nan. Babu intanet a lokacin, daga baki zuwa baki suke tafiya, har su ƙetare teku. Da na girma na bi diddiginsu, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yadda labari ya yi kama da gaskiya ba ya nuna komai. Wanda hankali ya fi saurin karɓa sai ka tarar ba shi da tushe, wanda kuma ya yi kama da tatsuniya sai a haƙa ƙasa a same shi.

"Hura kaset yana gyara shi"

Jita-jita ce, mai ɓarna kuma. A bakin kaset akwai jerin haƙoran ƙarfe sirara, guda 60 a irin na Japan da kwafinsa da ya iso mana, 72 a na Amurka. Dole kowane haƙori ya haɗu da abokinsa na cikin na'ura kafin bayanai su wuce. In ɗaya ya kauce, ko datti ya shiga tsakani, hoto ya dagule. Zarewa da mayarwar nan su ne maganin, domin haƙoran sun sake zama daidai, sun kuma ɗan kankare juna. Hurawa ta shigo ne a tsakiya kawai ta kwashe yabon. Numfashin mutum kuwa da danshi yake fitowa, danshi a jikin ƙarfe kuma tsatsa yake haifarwa. Kamfanin Nintendo da kansa ya gargaɗi jama'a su daina, har ya riƙa sayar da kayan goge kaset.

Na yarda cewa a lokacin hunturu, da ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, hurawa kan kori ɗan garin da ke sama-sama. Amma ƙurar da ta gamu da danshin baki dauɗa take zama ta manne. 'Yar auduga da ɗigon sifirit sun fi. Abin da ya raya wannan al'ada a duniya baki ɗaya mai sauƙi ne: a hura sau uku a banza, a na huɗu ya kama, sai na huɗun kaɗai ake tunawa.

Kaset ɗin ma da nasa zancen. A jikinsa an rubuta wasanni 9999 a cikin ɗaya, wani ma da ƙarin tara-tara har miliyoyi. 'Yan wasanni ne ƙalilan ake ta maimaitawa, a canja suna, a canja launi, ko a fara maka daga mataki na biyar maimakon na ɗaya. Na'urorin da suka cika kasuwanninmu yawancinsu kwafin Famicom ne, wadda Nintendo ya fitar a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, aka riƙa kwaikwayonta a Taiwan da China ana bazawa duniya. A Rasha sunanta Dendy, a Poland Pegasus. Wasan tankar yaƙin nan da muke kare gaggafa a ƙasan allo, mai suna Tank 1990, asalinsa Battle City ne na kamfanin Namco na 1985, wasu masu rubuta manhaja a China suka yi masa kwaskwarima suka ƙara matakai.

"Gem yana kashe talabijin"

A nan iyayenmu suna da hujja fiye da yadda muka ɗauka. Tsohon akwatin talabijin mai tudun baya yana zana hoto ne ta hanyar harba haske a kan wani sinadari da aka shafe cikin gilashinsa da shi. In hoto ɗaya mai haske ya daɗe a wuri ɗaya bai motsa ba, sinadarin wurin yakan gaji ya bar tabo na dindindin. Na'urorin farko irin na Pong, masu farin layi a tsakiya da lambobin ci a sama, suna iya yin wannan in aka bar su a kunne. Shi ya sa a wasannin Atari 2600 da yawa, da zarar an gama wasa aka bar na'ura, launukan allo sukan riƙa sauyawa da kansu. Har yau in ka ga gilashin tsohon akwatin Pac-Man da ya yi shekaru a shago, za ka ga zanen lungunan wasan a jikinsa ko da a kashe yake. Amma awa ɗaya ko biyu na Mario, wanda hotonsa ke tafiya kullum, ba ya yi wa talabijin komai.

Sai bindigar harbin agwagwa. Mun ɗauka wani haske take harbawa zuwa gilashi. Akasin haka ne: bindigar ido ce, kallo take yi. Da ka ja kunama, allo gaba ɗaya yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan a zana farin murabba'i daidai inda agwagwar take. In ɗan idon da ke cikin bindigar ya ga duhu, ya kuma ga fari a bayansa, na'ura ta san ka saita daidai. Wanda ya lura zai tuna allon yana ɗan walƙiya duk lokacin da aka harba. Wannan ne dalilin da ya sa bindigar ba ta aiki da talabijin na zamani na jikin bango, domin shi yakan ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna, kafin farin ya fito na'ura ta riga ta gama dubawa.

Karen nan kuwa mai fitowa daga ciyawa yana dariya in ka yi kuskure, kowane yaro ya taɓa jin an ce wani a wata unguwa ya harbe shi. A kaset na gida ba ya harbuwa. Amma a akwatin shago mai cin sulalla da Nintendo ya yi, mai suna VS. Duck Hunt, akwai zagayen garaɓasa da ake iya samunsa da harbi. Wani abin kuma da yake gaskiya tsantsa amma kaɗan suka sani: a wasan agwagwa ɗaya, wanda ya riƙe hannun gem yana iya juya agwagwar yadda yake so yayin da ɗan'uwansa ke harbi.

"Pong ne wasan bidiyo na farko, Atari ne ya ƙirƙiro komai"

Wannan ita ce ta fi ci mini rai, domin mutane take binnewa. Pong ya fito a 1972. Nolan Bushnell da Ted Dabney ne suka kafa Atari, wani matashin injiniya Allan Alcorn ya haɗa wasan. Suka ajiye na gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale na Kalifoniya, ba a daɗe ba aka kira Alcorn cewa na'ura ta lalace. Da ya buɗe sai ya tarar sulalla ne suka cika ma'ajiyar har suka toshe hanya. Wannan ɓangaren gaskiya ne, Alcorn ya sha ba da labarin da bakinsa. Pong shi ne na farko da ya kawo kuɗi sosai, iyakar nan.

Shekara 14 kafin nan, a Oktoban 1958, wani masanin kimiyya William Higinbotham ya haɗa wasan tanis a kan ɗan ƙaramin allon awon wutar lantarki a cibiyar bincike ta Brookhaven, don kawai baƙin da ke zuwa ranar buɗe ƙofa su sami abin taɓawa. Mutumin da ya yi aiki a shirin ƙera bam ɗin nukiliya a Los Alamos ne, bai ko yi wa wasan rajista ba. A 1962 Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT suka rubuta Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1, jiragen sama jannati biyu suna harbin juna a kewayen tauraro. Su Bushnell ɗin ma sun fitar da Computer Space a 1971, kwaikwayon wancan, bai karɓu sosai ba saboda wuyar sarrafawa.

Wanda aka fi zalunta shi ne Ralph Baer. An haife shi a Jamus a 1922, iyalinsa Yahudawa suka tsere zuwa Amurka a 1938. Tun 1966 ya zauna ya rubuta yadda za a yi wasa a kan talabijin na gida, aikinsa ne ya zama Magnavox Odyssey a 1972. Na'ura ce mai aiki da batir, ba ta da sauti, ba ta ƙirga ci, har da wasu ledoji masu zane ake mannawa a gilashin talabijin su zama filin wasa. A watan Mayun shekarar Bushnell ya je wurin baje kolinta a Kalifoniya, ya ga wasan ƙwallon teburinta, ya sa hannu a littafin baƙi. Wannan sa hannun ya dawo ya zama shaida da Magnavox ya kai ƙara, a 1976 Atari ya nemi sulhu ya biya kuɗin lasisi.

Kaset ɗin da muke hurawa ma ba Atari ne ya fara shi ba. Na'urar farko mai kaset ɗin da ke ɗauke da wasa a cikinsa ita ce Fairchild Channel F ta 1976, kusan shekara guda kafin Atari 2600. Wanda ya jagoranci ƙera ta baƙar fata ne ɗan birnin New York, Jerry Lawson, a zamanin da injiniyoyi baƙaƙe a wannan fanni ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Shi da tawagarsa suka ɗauki samfurin da wani ƙaramin kamfani mai suna Alpex ya fara, suka mai da shi abin da yaro zai cusa ya zare sau dubu ba tare da ya lalace ba. Sai a Maris na 2011 ƙungiyar masu ƙera wasanni ta karrama shi, wata guda kafin rasuwarsa. Na so a ce mun san sunansa a kan bencin nan.

"Space Invaders ya ƙarar da sulallan yen 100 a Japan"

Littattafai da jaridu masu mutunci sun sha maimaita wannan, har da ƙarin cewa sai da gwamnati ta ninka buga kuɗin. Yana da daɗin ji, ya kuma yi kama da gaskiya, domin wasan da Tomohiro Nishikado ya yi wa kamfanin Taito a 1978 ya haukata Japan da gaske. An buɗe shaguna da ba su da komai sai shi, gidajen shan gahawa suka maye teburansu da masu gilashin wasa a sama. Amma da masu bincike suka duba alƙaluman buga kuɗi, sai suka ga sulallan yen 100 da aka buga a 1978 da 1979 sun ma gaza na shekarun da ke gefensu. Ga kuma hankali: akwatin gem ba rijiya ba ne. Mai shago yana kwashe sulalla ya kai banki ko ya ba da canji, kuɗin ya koma hannun jama'a.

Gaskiyar da ke cikin wasan ta fi wannan armashi. Baƙin halittu 55 ne, layi biyar na sha ɗai-ɗai, suna saukowa a hankali. Kana rage su suna ƙara sauri, na ƙarshen yana gudu kamar an kunna masa wuta. Asalin wannan rauni ne na na'ura. Ƙwaƙwalwarta, Intel 8080, nauyi yake mata yawa in tana motsa 55, in sun ragu sai ta samu sarari ta yi sauri. Nishikado ya ga haka, ya gane yana ƙara bugun zuciya, ya bar shi.

Biyu a gurguje. An ce Donkey Kong na 1981 kuskuren rubutu ne, wai biri aka so a ce da Turanci sai harafi ɗaya ya canja ya koma jaki. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya ce da gangan ya zaɓi kalmar, yana neman abin da zai nuna goggon biri mai taurin kai da wauta, Bahaushe kuwa ba ya buƙatar a yi masa bayanin alaƙar jaki da taurin kai. An kuma ce Toru Iwatani ya ga gurasar fiza da aka cire wa yanki ɗaya sai siffar Pac-Man ta zo masa. Shi da kansa ya taɓa cewa rabin gaskiya ce, sauran rabin daga harafin Japananci mai nufin baki ne, wanda murabba'i ne, ya mai da shi da'ira. Maganar cewa wasan yana rushewa a mataki na 256 kuwa gaskiya ce. Ma'ajiyar ƙirgan matakai ba ta ɗaukar abin da ya wuce 255, da an haura sai rabin allo na dama ya cika da tarkacen haruffa da lambobi, ba a kuma iya cinye matakin. Iyakar makin da mutum zai iya samu 3,333,360 ne.

Me ya sa yara suke yarda da kowane labarin sirri? Saboda wasu sirrikan na gaske ne. Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A: wanda ya danna wannan a farkon Contra zai samu rai 30 maimakon 3. Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami ne ya sa shi a wasan Gradius a 1986, don wasan ya yi masa wuya lokacin gwaji, aka fitar da kaset ba a cire ba. A Mortal Kombat na 1992, koren mayaƙin nan Reptile yana nan a ɓoye da gaske. Sai a filin gada mai ƙusoshi a ƙasa, in wata inuwa ta gifta ta gaban wata, ka ci zagaye biyu ba a taɓa ka ba, ba ka kare duka ba, ka kuma gama da kisan ƙarshe. Yaron da ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa akwai wani jan mayaƙi mai suna Ermac, da me zai musa? Alhali kalmar tana cikin shafin lissafi ne na mai akwati, gajartar sunan abin da ke ƙirga kurakuran manhaja. Babu kowane mayaƙi. Jita-jitar ta yi ƙarfi har masu wasan suka ƙirƙiro shi suka sa a Ultimate Mortal Kombat 3 a 1995.

"Gwamnatin Amurka ta yi gwajin juya tunani da wani akwatin gem"

Sunansa Polybius. Wai a 1981 wani baƙin akwati ya bayyana a wasu shagunan wasa a birnin Portland na jihar Oregon, yara suka kamu da shi kamar ƙwaya, suna fama da ciwon kai, mantuwa da mugayen mafarkai. Wai wasu mutane masu baƙaƙen kwat suna zuwa su kwashi bayanai daga cikinsa ba su taɓa kuɗin ba, bayan 'yan makonni ya ɓace.

Ba a taɓa samun akwatin ba, ko allon wayoyinsa, ko tallarsa, ko ambatonsa a mujallun sana'ar na wancan lokaci, su da ba sa barin ko ƙaramin wasa ya wuce su. Labarin ya fara bayyana ne a wani shafin intanet na tsofaffin wasanni a shekarar 2000, mujallar GamePro ta ƙara yaɗa shi a 2003. Sunan kamfanin da aka ce ya ƙera shi ma gurɓataccen Jamusanci ne, irin wanda mai buɗa ƙamus ke harhaɗawa.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A 1981 ɗin, a Portland ɗin, wani yaro ya kwanta ciwon ciki bayan ya shafe awa 28 yana buga Asteroids don kafa tarihi, wani kuma ciwon kai mai tsanani ya kama shi bayan ya buga Tempest. Jami'an FBI sun kai samame wasu shagunan wasa a yankin bisa zargin caca da na'urori. Rundunar sojan Amurka kuma ta sa Atari ya gyara mata wasan tankar yaƙi na Battlezone don horar da masu harbi a motar yaƙi ta Bradley, duk da cewa wanda ya rubuta wasan, Ed Rotberg, ba da son ransa ya yi aikin ba. Yara marasa lafiya, jami'ai masu kwat, hannun soja: kowanne ya faru, amma daban-daban. Bayan shekara kusan 20 wani ya ɗinke su wuri ɗaya ya raɗa musu suna.

"Atari ya binne miliyoyin kaset ɗin E.T. a hamada, wasan ne kuma ya kashe sana'ar"

Shekara 30 mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin tatsuniya irin ta Polybius. Wa zai yarda kamfani ya loda hajarsa a manyan motoci, ya kai juji, ya murƙushe, ya zuba kankare a kai?

Ga yadda abin ya faro. Fim ɗin E.T. na Steven Spielberg ya yi kasuwa a 1982, kamfanin Warner mai Atari ya sayi izinin yin wasansa da kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 20 zuwa 25. Ba a gama ciniki ba sai ƙarshen Yuli, ana kuma so wasan ya kammala ranar 1 ga Satumba don ya riski kasuwar Kirsimeti. Aikin da aka saba yi a wata shida ko fiye, aka ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, mako biyar da 'yan kwanaki. Ba ɗan koyo ba ne. Shi ya yi Yars' Revenge, ɗaya daga cikin wasannin Atari da aka fi yabo. Ya sa aka kai masa na'urar aiki gida, yana yi dare da rana, ya kuwa gama a kan lokaci. Abin da bai samu ba shi ne lokacin gwaji da gyara. Yara suka buɗe kyautarsu suka tarar halittar tana ta faɗawa rami, ta fito da ƙyar ta sake komawa. An sayar da sama da miliyan ɗaya, amma an buga fiye da haka nesa ba kusa ba, da yawa kuma aka mayar wa shaguna.

Cewa wannan wasa ɗaya ne ya rusa sana'ar, ɗora wa mutum ɗaya kayan gari ne. Tun da wasu ma'aikatan Atari suka ɓalle suka kafa Activision a 1979, ƙofa ta buɗe, kowane kamfani ya shiga buga kaset ba mai tantance inganci, har da masu sayar da abincin karnuka da kayan tsabtace baki suna raba nasu na talla. Na'urori suka yi yawa a kasuwa, shaguna suka cika da kayan da ba mai saye suka karya farashi, ga kwamfutocin gida irin Commodore 64 suna ta araha. Atari ya yi asarar dala miliyan 536 a 1983. Kasuwar wasannin gida a Amurka, kamar yadda aka saba ƙiyastawa, ta faɗo daga dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin miliyan 100 a 1985. A Amurka, na ce. A shekarar da ake wannan kuka Famicom ta fito a Japan, yaran Ingila kuma suna ta wasa a kan ZX Spectrum abinsu.

Binnewar kuwa ta faru. A Satumban 1983 motoci suka ɗebo kaya daga masana'antar Atari da ke El Paso a Texas zuwa jujin garin Alamogordo a jihar New Mexico. Jaridun lokacin sun buga labarin, har da New York Times, amma da shekaru suka tura aka manta da jaridun, zancen baki ya rage. Ranar 26 ga Afrilu, 2014, masu shirya wani fim na tarihi, da izinin hukumar garin, suka kawo motocin haƙa. Jama'a suka taru cikin iska mai ƙarfi da ƙura, Warshaw yana tsaye a cikinsu. Bayan sa'o'i aka ɗago kaset na E.T. da kwalinsa a lanƙwashe. Gani ya kori ji.

Amma ramin ya gyara labarin ta fuska biyu. James Heller, tsohon ma'aikacin Atari da aka ɗora wa aikin zubarwar, ya ce kaset kimanin 728,000 ne, ba miliyoyi ba. Kuma ba E.T. kaɗai ba ne. An tono Centipede, Missile Command, Warlords, har da Yars' Revenge na Warshaw ɗin, wasannin da suka yi kasuwa suka yi suna. Shara ce ta rumbun kamfanin da kaya suka yi wa yawa, mai kyau da maras kyau a rami ɗaya.

Warshaw ya daɗe da barin sana'ar, ya koma karatu ya zama mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Kalifoniya, da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa ma'aikatan kamfanonin fasaha ne. Kaset kimanin 1,300 aka fitar a wannan haƙa. Hukumar garin ta yi gwanjon ɗaruruwa daga ciki ta samu sama da dala dubu 100, ɗaya na E.T. kuma aka kai gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. Sauran dubu ɗari bakwai da ɗoriya suna nan inda aka zuba su a 1983, an mayar da ƙasa an rufe ramin.